Gargaɗi: Motar da ke Yoyon Gas Kada Ta Hau Hanya

Wannan gargaɗi ne ga duk mai tsohuwar motar gas, wato dizal, a ƙasar Zuru, da direban da ke jan ta, da bakaniken da ke duba ta, da yaran gareji, har da fasinjan da ke biyan kuɗinsa ya shiga. In motarka tana barin tabon mai a inda ta kwana, ko warin gas yana dukan hanci a cikinta, ko ba ta tashi da safe sai an tura ta ko an yi ta matsa famfon hannu, to kada ka yi mata lodi. A bi hanyar man motar a duba tun daga tanki har nozul. Yau za a duba, ba sai an dawo daga cin kasuwa ba.

Lokacin da muke ciki ne ya sa nake gaggawa. Ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya fara shigowa, daga yanzu har hunturu ya wuce babu motar da za ta huta. J5 da Kanta da Hilux da tsofaffin Marsandi da Golf, duk wadda ƙafarta ke juyawa za a lafta mata dawa da masara da shinkafa da waken suya fiye da ƙarfinta, a ɗaure harawa a sama, ta kama hanyar Ribah da Bena, ko ta Dabai zuwa Mahuta da Koko, ko ta Rijau zuwa Kontagora. Daga kwalta kuma a sauka a shiga ƙauyuka, tudu da gangare, duwatsu da kwazazzabai, girgiza tun daga tashi har sauka. Bututun ƙarfen da ya sha taɓo da laima duk damina ya yi tsatsa, tiyon da zafi ya gasa shekara da shekaru ya ƙandare. Girgizar nan ce ke ƙarasa su. Ga ciyawar gefen hanya ta bushe, ga iska. Kuma ba sai an gaya wa kowa ba, a wasu sassan Danko/Wasagu da Sakaba, mutuwar mota a tsakiyar daji da la'asar sakaliya ba ƙaramin tashin hankali ba ne a shekarun nan.

Na san amsar da ke jira a tasha. "Ai gas ne, ba fetur ba. Gas ba ya kamawa." Wani ma zai tsiyaya shi a murfin gwangwani, ya ƙyasta ashana ya jefa, ashanar ta mutu, ya dube ka yana murmushi. Abin da ya nuna gaskiya ne, sai dai rabinta ce. Fetur yana fitar da tururin da ke kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, shi ya sa ɗan tartsatsi ya ishe shi. Gas mai kyau kuwa sai ya ɗauki zafin kimanin digiri 55 kafin tururinsa ya karɓi wuta. To mene ne digiri 55 a cikin bonet? Ruwan lagireto kansa a wajen digiri 80 zuwa 90 yake aiki. Wuyan salansa, inda ta fito daga jikin inji, yakan haura digiri 400 in mota na hawan tudu da kaya. Shi kuwa gas, da ya sauka a kan ƙarfen da zafinsa ya wuce digiri 250 ko kusa da haka, ba ya jiran ashana, da kansa yake tashi. Injin ma ai da haka yake aiki. Babu fulogin tartsatsi a jikinsa, iska kawai ake matsewa ta yi zafi, a fesa mai, ya kama.

Gas ɗin murfin gwangwani kwance yake, da sanyinsa. Wanda ke fita daga tsagaggen bututu feshi ne siriri gauraye da iska, fanka kuma tana watsa shi ko'ina. Wanda ya daɗe yana ɗiga ya riga ya jiƙa ƙura da ƙaiƙayi da tsumman da aka cusa a lungun inji, sun zama lagwani. Saura wayar batir da ta goge ta taɓa ƙarfe. Sannan wa zai dafa littafi ya rantse cewa abin da ke tankinsa gas ne zalla? Wanda aka saya a jarka a bakin hanya, in an sirka shi da kananzir, ko an zuba shi a mazubin da fetur ya kwana, lissafin digiri 55 ɗin nan ya rushe. Fetur kaɗan ya isa ya sauko da shi ƙasa da zafin ranar bazara.

Wanda ke raina ɗan tiyon da ke mayar da rarar mai, ya ji labarin Carnival Triumph. Katafaren jirgin ruwan shaƙatawa ne, ɗauke da mutum sama da 4,000. Ranar 10 ga Fabrairu, 2013, a Mashigin Tekun Meziko, wuta ta tashi a ɗakin injinsa. Masu bincike suka gano cewa tiyon mayar da mai ne ya yi yoyo, man ya sauka a kan ƙarfe mai zafi. An kashe wutar, ba a rasa rai ba, amma jirgin ya rasa lantarki da ikon tafiya, bayan gida ya daina aiki, sai bayan kwana 4 aka samu aka jawo shi zuwa gaɓa a Mobile, a jihar Alabama ta Amurka. Jirgi ke nan mai injiniyoyi da na'urar kashe gobara mai aiki da kanta. Ita kuwa J5 ɗinmu, tukunyar kashe wutar da ke ƙarƙashin kujerarta, in ma akwai, an saye ta ne don a nuna wa jami'an kiyaye haɗurra a shingen hanya, allurarta ta daɗe da kwantawa a kan ja.

A ajiye maganar gobara tukuna, a zo ga abin da ya fi ci wa direba tuwo a ƙwarya kullum: mota ba ta ja. A nan ne ake asarar kuɗi a banza, domin sau da yawa hudar da ke barazanar ƙona motar ita ce dai ta sace mata ƙarfi.

A yawancin tsofaffin motoci hanyar mai kashi uku ce. Daga tanki zuwa famfo, wato injekta, zuƙo man ake yi. Daga famfo zuwa nozul, tura shi ake yi da matsi mai tsanani. Daga nozul zuwa tanki, rara ce ke komawa a hankali. Yoyon kashi na biyu da na uku ido yana gani. Na kashin farko shi ne makiri, don sau tari ko ɗigo ɗaya ba ya zubarwa. Tun da zuƙa ake yi, hudar ba mai take fitarwa ba, iska take shigarwa, kamar mai shan lemo da tsagaggen tsinke: yana ta zuƙa, kumfa yake samu. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. An ƙera injekta ne ta danna mai. In ta tarar da kumfa sai kumfar ta lotsa, nozul ya ƙi buɗewa a kan lokaci, ko ya buɗe da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai ka ji silo yana hawa yana sauka, mota na kakkarwa, ga farin hayaƙi mai yajin ido. A tudu ka taka totur har ƙasa ta noƙe, ka sauke giya, ka sake saukewa, ta mutu. In ta kwana kuwa, iskar ta buɗe wa mai hanya ya sulale ya koma tanki, gari ya waye a tarar da filta wayam. Siraran tiyon da ke bi daga nozul zuwa nozul, in sun tsattsage, su ma haka suke yi: da rana su jiƙa kan inji, da dare su sha iska.

Daga nan asara ta shiga jerin gwano. Ana ta murza makulli har kik ya ƙone, batir ya ƙare. Sai a koma turi. In turi ya gagara, wani ya jiƙa tsumma da fetur ya kara a bakin iska, ko ya fesa maganin sauro a ciki. A injin da hitarsa ke ja jawur, wannan yana iya tashi tun fistan bai kai inda ya kamata ba, ya karya ringi, ko wutar ta dawo ta bakin iska ta lashe hannun mai riƙe da tsumman. Ita kanta injektar, irin ta Bosch ko Lucas mai juyawa da ke jikin Golf da Hilux da Fijo, gas ɗin da ke ratsa ta shi ne man shafawarta. Duk lokacin da ta juya a cikin kumfa, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. In hudar tana bayan filta, ƙurar hunturu ma ta nan za ta bi ta shiga.

A wani gareji a bakin hanyar fita gari na ga an kawo wata Golf mai gas. Mai ita ya zo da shirinsa. An ce masa injekta ta gaji, sai an kwance ta an kai Kontagora an yi mata saiti, har ya fitar da buhunan masara ya sayar. Bakaniken dattijo ne mai ƙarancin magana. Bai ɗauki sifana ba. Ya ce da yaronsa, "Kai, miƙo min farin tiyon nan." Ya zare tiyon da ya taso daga filta zuwa injekta, ya maye gurbinsa da guntun tiyo garai-garai da ake hango cikinsa, aka tayar da mota. Ga mai na wucewa, ga 'yan kumfa a jere suna binsa, da an taka totur sai su yawaita har tiyon ya yi fari.

"Alhaji, matso ka gani da idonka."

"To Malam, wannan kumfar daga ina?"

"Yanzu za ta faɗa mana."

Ya mayar da tiyon gaban filta, ɓangaren da ya taso daga tanki. Mai tas, babu kumfa ko ɗaya. Ashe ɓarawon yana kan filtar ne. Wata 'yar roba ce zagayayyiya a saman filtar ta tsufa. Da ya ciro ta ya lanƙwasa a gaban mai motar sai ta karye biyu. Filta da roba da kilif da ladan aiki, duka ba su cinye kuɗin buhu guda ba.

Ba cewa nake yi duk motar da ta rasa ƙarfi iska ta sha ba. Filtar iska tana toshewa da ƙura, filtar mai tana cika da dauɗa da ruwa, ragar cikin tanki tana liƙewa, nozul yana gajiya, ringi yana cinyewa, taimin yana gocewa. Amma hankali shi ne a fara da mai sauƙi. Bakaniken da ya ce a kwance injekta tun bai gwada kumfa ba, ko dai bai iya ba, ko kuwa aljihunka yake dubawa.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi kowanne, kuma da yaran gareji nake, da iyayen gidansu da amanar yaran take wuyansu. Kada wanda ya kuskura ya lalubi yoyon bututun nozul da hannu inji yana aiki. Mai faci yana ba tayar ƙaramar mota iska fam 30 zuwa 35 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin dai, kimanin fam 100 ya isa siririn feshi ya huda fatar mutum. Nozul ɗin tsohuwar Marsandi ba ya buɗewa sai matsi ya kai wajen fam 1,700 zuwa 2,000. Motocin da suka fara fitowa daga ƙarshen shekarun 1990, masu rubutun CDI ko HDi ko D-4D a baya, waɗanda su ma yanzu sun tsufa sun iso garejinmu, suna kai wa kusan fam 20,000, wasu har kusan 30,000.

Feshin da ke fita daga hudar da ba ta fi tsinin allura ba, ido da ƙyar yake kama shi. Yaro ya kai yatsa yana neman inda ke da laima, ya ji ɗan suka, ya ga ɗigon jini, ya tsotse, ya goge a wando, ya ci gaba da aiki. Man kuwa ya riga ya shige can ciki, yana bin jijiya zuwa tafin hannu. Bayan 'yan sa'o'i yatsan ya kumbura, ya yi fari ko ya yi duhu, zugi ya hana barci. Naman ne ya fara mutuwa. Likitoci suna ɗaukar wannan rauni a matsayin aikin tiyata na gaggawa, a tsaga a wanke cikin sa'o'i kaɗan, kuma jinkiri ne ke sa a kai ga yanke yatsa ko hannu. Saboda haka in hakan ta faru, ko ciwon bai fi ƙwayar gero ba, a nufi Babban Asibitin Zuru nan take, a faɗa wa likita ƙarara cewa gas ne mai matsi ya shige cikin nama, don kada a wanke sama a liƙa filasta a sallame shi. In an ce a wuce Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato, a wuce a ranar. Kada a matse wurin, kada a ɗaure da roba, kada a zuba man burki kamar yadda aka saba yi wa yanka a gareji, kada a tsaya a kemis. Mai neman yoyo ya riƙe guntun kwali da fulaya ya kara, ya sa tabarau, fuskarsa a gefe. Al'adar nan ta sassauta notin nozul don gano silindar da ba ta aiki, a tsohon inji ma sai da tsumma mai kauri a kai; a masu CDI da 'yan uwansu kuwa ba a yin ta sam. Ko an kashe su, a ba su ɗan lokaci matsin ya sauka kafin a sa sifana.

Sai maganar faci. Kowa ya san su: robar tub da aka naɗe bututu da ita, leda, sabulu a gindin tanki, gam, waya a madadin kilif, tiyon awon magina, har da tiyon ƙarin ruwa na asibiti. Ban ga laifin wanda mota ta mace masa a daji ya ɗaure da abin da ya samu don ya kai gari ba. Laifin shi ne facin ya kai shi gari, sai kuma ya shekara a wurin. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. Gas yana cin duk robar da ba dominsa aka yi ta ba. Wata ta kumbura ta yi laushi, wata ta ƙandare ta tsage, ɓarɓashinta kuma ya bi mai ya shiga famfo. Waya tana yanka tiyo a hankali. Tiyon mai na gaskiya yana da zare a tsakiyarsa, kuma akan buga masa rubutu a jiki. Wanda ya ga SAE J30 ya san don mai aka yi shi. Shi ma wancan farin tiyon na gwajin kumfa, na gwaji ne, a cire shi in an gama.

Bututun nozul da ya tsage ba a kai shi wurin mai walda. Ƙarfe ne mai kauri da siririn rami, kuma an yanka su tsawo ɗaya ne don mai ya isa kowace silinda a lokacin da aka tsara. Walda tana ƙuntata ramin, tana barin ƙonannen ƙarfe a ciki ya tafi ya toshe nozul, kuma gefen da wuta ta taɓa shi ne zai sake tsagewa. A nemo wani irinsa, ko da na Beljiyam ne mai lafiya. Sannan waɗannan 'yan maƙalai masu roba da ke haɗe bututan wuri ɗaya, waɗanda ake kwancewa a jefar a ce ba su da amfani, su ne ke hana girgiza karya bututu a wuya. A 2011 kamfanin Volkswagen ya kira motocin gas sama da 160,000 a Amurka, Jetta da Golf da Audi A3, saboda girgiza tana iya tsaga bututun nozul mai ya zuba, gyaran kuma ya haɗa da sanya abin rage girgizar. Sababbin motoci ke nan a kan titin Amurka. Ina ga wadda ta shekara 30 tana ratsa burtalin ƙauyukanmu? Tanki kuwa, kada a kusance shi da wutar walda sai an sauke shi, an juye, an wanke sosai. Tankin da aka juye ba a wanke ba ya fi cikakke haɗari, tururi ne fal a ciki.

Akwai kuma yoyon da ba laifin kowa ba ne. A 1993, da Amurka ta koma amfani da gas mai ƙarancin sinadarin farar wuta, tsofaffin famfuna da yawa suka fara zuba, domin robobin da suka saba da tsohon mai sun tsuke a cikin sabon. Mu ma man da ke shiga tankinmu ba daga tushe ɗaya yake ba, wani daga waje, wani daga matatar Dangote da ta fara sayar da gas a 2024. Don haka famfon da ya shekara a bushe yana iya wayar gari yana gumi. A sauya robobin, ba sai an zargi gidan mai ba.

Wani yoyon ma ba ya sauka ƙasa, cikin inji yake zuba. In fatar ƙaramin famfon da ke ɗago mai ta huje, ko nozul yana tsiyaya maimakon feshi, gas zai gangara ya haɗu da baƙin mai. A zaro sandar awo kowace safiya. Baƙin mai raguwa yake yi. In ka ga yana ƙaruwa, ya tsinke, yana warin gas, to a kashe mota. Metal za ta cinye, kuma in ya yi yawa injin yana iya fara shan nasa man ta hanyar iska, ya ɗauki gudu shi kaɗai, hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli ya ƙi mutuwa. In haka ta same ka, taka burki da ƙarfi, sa babbar giya, saki kuloci ya shaƙe. Ko a toshe bakin iska da faffaɗan katako, ba da tafin hannu ba. In duk ya gagara, kowa ya yi nesa. A motocin da bel ke juya injektarsu kuma, robar gaban famfo in ta saki a kan bel ɗin taimin take ɗiga, ta jiƙa shi ya ruɓe. Ranar da ya tsinke, bawul da fistan za su gwabza.

Lissafin kuɗin gajere ne. Gas ba shi da tallafi tun kafin a cire na fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Farashinsa ya ninka a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, a 2024 kuma lita tana sama da naira 1,000. Ɗigo 20 ne ke yin kimanin mililita 1. Ɗigo ɗaya a kowane sakan, lita guda ke nan cikin ƙasa da awa 6. Wannan ɗiga ce kawai, ba tsiyaya ba. Kuma ba mai motar kaɗai ke biya ba. Gas ɗin da ya zuba a kwana santsi ne ga ɗan kabu-kabu da matar da ya ɗauko da goyonta. Yana narka kwalta. In ya taɓa buhun shinkafa, mai saye da hanci zai gane. In ya daɗe yana nutsewa a ƙasan gareji, rijiyar maƙwabta ce za ta karɓa.

Masu ajiye jarka kusa da direba su zura tiyo zuwa inji saboda bututun tanki ya lalace, su daina. Warin yana kawo ciwon kai da gyangyaɗi, burki ɗaya mai ƙarfi kuma ya kifar da ita a ƙafafun fasinja. Haka zuƙo mai da baki. In ya sarƙe mutum ya shiga huhu, ciwo ne mai tsanani. Wanda ya haɗiya, babba ko yaro, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A kai shi asibiti, balle in yana tari.

Gyaran kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, natsuwa yake so. A bar inji ya huce, a cire kan batir, a kashe sigari, a matsa daga inda ake walda ko ƙona shara. A wanke injin a rufe altaneta, ya bushe, a barbaɗa hoda ko garin alli a mahaɗai, a mayar da kan batir, a tayar na ɗan lokaci. Inda hodar ta fara duhu daga sama, nan ne tushen, ba inda man ya taru a ƙasa ba. A shiga ƙarƙashin mota a bi bututun ƙarfe, musamman inda maƙali ya riƙe shi, don a nan tsatsa ke ɓuya. Tiyon nozul in ɗaya ya tsage a sauya duka, har da 'yar hular da ke toshe na ƙarshe, domin sa'annin juna ne. Kowane noti mai rami a sa masa sabuwar washar jan ƙarfe. Tsohuwa ta riga ta daskare, ƙara ɗaure ta sai dai ya karya notin. Famfon hannun da ke jiƙa yatsa in an matsa shi, ya gama aiki. A sa sabuwar filta, a shafa wa robarta gas, a tsiyaye ruwan da ya kwanta, a fitar da iska har mai ya fito babu kumfa. A tabbata babu tiyon da ke gogar ƙarfe ko yake kusa da salansa. Washegari a sake dubawa, bayan mako a ƙara ɗan ɗaure kilif. Guntun tiyo mai kyau da kilif da washa kaɗan su zauna a cikin mota.

Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Zuru da Ribah da Mahuta da Dirin Daji suna da ikon da babu jami'in hanya da ke da shi, domin su ke ba da layi. Kafin a fara kiran fasinja a ɗaga bonet, inji yana aiki, a leƙa. Motar da kan injinta ke sheƙi da ɗanyen gas ta fita daga layi har ta gyara. Fasinja ma yana da baki. In wari ya dame ka, ka ce, "Malam direba, don Allah tsaya a duba, gas nake ji." In ya ce ai haka take, ka sauka tun kana cikin gari.

In kuwa wuta ta riga ta tashi, a kauce daga ciyawa in da hali, a kashe inji, a fitar da mutane tukuna, su yi nisa ta ɓangaren da iska ke tasowa. Kaya su jira. Kada a wangale bonet, iska ce za a ba wutar. A ɗan ɗaga shi, a fesa tukunya mai hoda ta kafar, ko a watsa yashi da ƙasa. Ruwa ba ya kashe wutar mai, ɗaukar man yake yi ya yaɗa shi. In ta kai ga taya ko tanki, a haƙura da motar. Kuma in babbar mota ta faɗi mai yana malala, kada wanda ya zo da bokiti yana cewa ai gas ne. Daga nesa ba ka san abin da ke ciki ba. A Majiya ta jihar Jigawa, ranar 15 ga Oktoba, 2024, mutum sama da 150 suka rasu a wurin tankar fetur da ta faɗi. A mahaɗar Dikko ta jihar Neja, ranar 18 ga Janairu, 2025, sama da 80. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. A ajiye su a waya tare da lambar bakanike da ta shugaban tasha, kuma kafin a shiga hanyar da sabis ke ɗaukewa a gaya wa wani a gida lokacin da ake sa ran isa.